Fili, kwali ko waya: wanne malamin lissafi zai fara ɗauka?

Malamin lissafi a babbar sakandare a Kaduna, ko a Kawo yake koyarwa ko Kakuri ko Rigasa, abu uku ne ke ɗaure masa hannu: darasin minti 40, aji cike maƙil, da jarrabawar WAEC da NECO da ke jiran 'yan aji shida. Duk wanda ya ba shi shawarar ya riƙa sa yara suna taɓa lissafi da hannunsu ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Wane aikin hannu? Da wane kuɗi? A wane zango? Hanyoyin da suka fi kusa da malami a nan guda uku ne: a fita fili a yi awo, a zauna a aji da kwali da gwangwani da yashi, ko a buɗe manhaja a waya ko kwamfuta. Kowacce na da masu yabonta, kuma wanda ya ce zai riƙe dukkansu a zango ɗaya ba zai gama manhajar karatu ba.

Kuɗi da lokaci kowa ya san zai duba su. Akwai ma'auni biyu da aka fi mantawa da su. Na farko, yara nawa ne hannunsu zai taɓa kayan da gaske, ba su tsaya kallo ba. Na biyu, wanda ni na fi ba nauyi, shi ne tazarar da ke tsakanin aikin da takardar jarrabawa. A takarda ta biyu ta lissafin WAEC ana ba ɗalibi tambayoyi 13 ya amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma maki na bin matakan aiki ne, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Aikin hannun da bai ƙare da biro a kan takarda ba, yaro zai ji daɗinsa, zai ba da labarinsa a gida, amma ba zai shiga ɗakin jarrabawa da shi ba.

Fili shi ne wanda yara suka fi so, shi ne kuma ya fi yaudarar malami. Kayan aikinsa kaɗan ne: furotirakta, wato ma'aunin kusurwar nan da ke cikin gwangwanin kayan lissafi, bututun biro da aka zare wa tawada, zare, da ƙaramin noti. A manna bututun a miƙaƙƙen gefen furotirakta, a rataya zaren daga tsakiya, noti na lilo a ƙasa. Yaro ya leƙa ta cikin bututun har ya hango saman tankin ruwan makaranta, abokinsa ya karanta inda zaren ya tsaya. Idan bututun na kwance daidai, zaren kan 90 yake, don haka kusurwar da ake nema ita ce abin da ya rage bayan an cire lambar da aka karanta daga 90. A nan yara da yawa ke tuntuɓe, gara a gwada shi a aji kafin a fita.

A ce sun tsaya mita 20 daga gindin tankin, kusurwa ta ba su digiri 35. Tan 35°, wato tsayin da ke sama da ido a raba da nisa, kusan 0.70 ne, a ninka da 20 a sami mita 14, a ƙara tsayin idon mai leƙen daga ƙasa, a ce mita 1.5, tanki ya tashi mita 15.5. Wannan ƙarin na tsayin ido, yaron da ya taɓa tsayawa a rana yana leƙe ba ya manta shi, alhali wanda ya gan shi a allo kawai yakan bar shi a baya. Akwai kuma darasin da babu littafin da zai koyar da shi kamar fili: kuskure. Idan kusurwar ta fito 36 maimakon 35, amsa ta ƙaru da kusan rabin mita. Idan kuwa wani rukuni ya matsa har mita 3 daga gindin tankin, kusurwa ta kai wajen digiri 78, kuskuren digiri ɗaya tak zai jefa su sama da mita ɗaya. Rukuni takwas za su dawo da amsa takwas, kuma gardamar da za ta ɓarke a kan wa ya fi gaskiya ta fi awon kansa amfani.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar furotirakta ma. A kafa sanda mai tsayin mita ɗaya, a auna inuwarta, a auna inuwar sandar tuta ko ta darbejiya a lokaci guda, sauran aikin na alwatika biyu ne masu kama da juna. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya yi karatun fiƙihu a zaure ya ji cewa La'asar na shiga ne idan inuwar abu ta kai tsayinsa bayan an cire inuwar zawali. Malamin da ya tashi daga nan ya nuna cewa duk lokacin da inuwa ta yi daidai da tsayin abu rana na kan digiri 45 ne, ya gama bayanin dalilin da ya sa tan 45° ya zama 1.

Sai dai fili na da lokacinsa. Daga Mayu zuwa Satumba hadari da ruwa ba sa barin a tsara rana da tabbas. Idan hunturu ya kankama, hazo kan dusashe bakin inuwa har a rasa inda za a ɗora tef. A Maris da Afrilu kuwa, wanda ya tsayar da yara a rana bayan ƙarfe 11 zai sha tambaya wurin iyaye. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, wato tsakiyar zangon farko, shi ne lokacin da ya fi dacewa, da hantsi, inuwa na da tsawo. Kaduna na wajen digiri 10.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya tsakar ka har sanda ta rasa inuwa. Abin haushi, na Agusta a dogon hutu yake faɗowa, ga hadari, na Afrilu ma sau da yawa yara na gida.

Mai ƙungiyar lissafi a makarantarsa na iya zurfafawa. Katsina na wajen digiri 13 arewa, kuma kusan a layin tsaye ɗaya take da Kaduna. Idan aka haɗa baki da wani malami a can, a rana ɗaya kowa ya auna inuwar sanda a daidai zawali, wanda a nan yake kamawa wajen ƙarfe 12:30, bambancin kusurwar zai kusanci digiri 2.5. Digiri 360 a raba da 2.5 ya ba da 144, a ninka da nisan garuruwan biyu a miƙe, kimanin kilomita 275, sai ga 39,600, dab da kilomita 40,000 na kewayen duniya. Irin dabarar da masanin Girka Eratosthenes ya yi ke nan a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, tsakanin Iskandariyya da garin da yanzu ake kira Aswan. Aiki ne mai daɗi, amma na yara 10 masu sha'awa ne, ba na aji guda ba, domin digiri 2.5 ba ya yafe sakaci.

Ga inda fili ke da tsada. Fita da dawowa kaɗai za su cinye kusan rabin darasin minti 40, don haka sai ranar da ake da darasi biyu a jere. A rukunin mutum 10, biyu ne ke aiki, sauran na gindin mangwaro suna hira, sai fa idan an raba wa kowa nasa: mai leƙe, mai karatu, masu jan tef, mai zane, mai lissafi, a kuma riƙa juyawa. A ajin da ke haɗe, idan malam bai sa ido ba, maza za su ƙwace kayan awo su bar wa mata rubutu. Sannan abin da fili ke rufewa a manhajar karatu bai da yawa: kusurwar ɗaga kai da ta sunkuyawa, alwatika masu kama, zanen sikeli, da fuskar tafiya. A wannan na ƙarshe akwai misali a shirye, domin alƙibla daga Kaduna tana wajen 067° daga arewa, kuma kowane ɗalibi, Musulmi ko Kirista, ya san inda masallacin makaranta ya fuskanta. Batun fita wajen katangar makaranta kuwa, ban ga dalilinsa ba. Tanki da sandar tuta da eriyar kamfanin waya da ake hangowa daga ciki sun isa.

Kwali ba shi da wannan armashin, babu wanda zai ɗauki hotonsa ya yaɗa, amma a ganina shi ya kamata ya zama abincin yau da kullum. Dalili na farko, kowane yaro na iya riƙe nasa a kan benci. Na biyu, ba ya jiran rana ko wuta. Na uku kuma shi ne babba: awon siffofi fanni ne da ba ya ɓacewa daga takardun WAEC da NECO, kuma abin da yaro ya naɗe da hannunsa shi ne ainihin zanen da zai gani a tambaya.

Ɗauki tambayar da ake yawan maimaitawa, wadda ake yanko wani yanki na da'ira a naɗe shi ya zama kon, siffar nan ta mazurari. A allo, yara kan rikice a kan wane tsayi ne ya koma wane. A ba kowa kwali ya zana da'ira mai radiyos (nisa daga tsakiya zuwa baki) santimita 14, ya raba ta biyu, ya naɗe rabin. Kewayen da'irar duka santimita 88 ne idan an yi amfani da 22/7 a matsayin π, bakin rabinta 44, kuma wannan 44 ɗin shi ne ya zama kewayen gindin kon, wanda ya ba da radiyos 7. Yaro zai sa rula ya ga 7 ɗin da idonsa. Zai kuma ga cewa 14 ɗin nan ba ta ɓace ba, ta koma tsayin gangare, tsayin tsaye kuwa sai an nemo shi da ƙa'idar Pythagoras, ya fito kusan 12.1. Rikita waɗannan tsayi biyu na cikin abubuwan da suka fi cinye wa yara maki a wannan fanni, kuma minti 15 da almakashi na maganinsa.

Wani gwajin da ba ya cin ko sisi: takardar A4 guda biyu, kowacce santimita 21 da 29.7. A naɗe ɗaya ta zama doguwar silinda, ɗayar gajera mai faɗi. A tambayi aji wacce za ta fi cin gero. Mafi yawa za su ce daidai suke tunda takarda ɗaya ce, wasu su zaɓi doguwar. A tsayar da doguwar cikin gajerar, a cika ta, a zare. Geron ba zai cika gajerar ba. Lissafi ya nuna doguwar na ɗaukar kimanin 1,040 cm³, gajerar kimanin 1,470 cm³. Gani ya kori ji, kuma daga ranar yaro ya san abin da ya sa radiyos ke ninka kansa a fomula alhali tsayi ba ya yi.

Haka batun kashi ɗaya bisa uku da ke cikin fomular kon. Kwali na iya yi, amma yakan lanƙwashe idan an zuba yashi. Gara a je kasuwar Panteka a sa maƙerin gwangwani ya buga kon da silinda masu gindi ɗaya da tsayi ɗaya. Sau uku za a cika kon a juye kafin silinda ta cika, kuma kayan za su yi shekaru a ofishin malamai. A ja kunnen maƙerin cewa awon ciki ake so ya zo daidai, ba na waje ba. Bokitin wanka kuma kon ne da aka yanke wa kai, ga shi a kowane gida. A auna bakinsa da gindinsa da zurfinsa, a yi lissafi, sannan a gwada da robar ruwa mai lita ɗaya a ga ko lissafin ya faɗi gaskiya.

Ga 'yan aji biyar da shida akwai akwatin da ba shi da murfi. Kwali murabba'i mai santimita 30 kowane gefe, a yanke ƙananan murabba'ai a kusurwoyi huɗu, a naɗe gefunan sama. Layi na farko su yanke santimita 3, na biyu 4, haka har 7. Girman cikin zai fito 1,728, sai 1,936, sai 2,000, sai 1,944, sai 1,792. A ɗora waɗannan a takardar giraf, ga tudu ya fito da ƙololuwarsa a kan 5. Darasi ɗaya ya haɗa awon siffofi, cike tebur, zaɓen sikeli da zanen giraf, kuma idan aka zo kalkulas, lissafin yadda abu ke canzawa, yaro ya riga ya san abin da ake nema.

Illar kwali ba ta wuce shara da almakashi ba. Kada a bar yara su zo da reza. A yanka abin da ke buƙatar wuƙa tun a gida, ko a aro almakashi 10 su zagaya. Kwalayen taliya da na sabulu da masu shaguna ke zubarwa sun isa, ba sai an sayi mai launi ba. Akwai kuma iyakarsa: kwali ba ya motsi. Siffa ɗaya yake nunawa a lokaci guda.

Motsin nan shi ne abin da waya ta fi kowa. GeoGebra, manhajar lissafi wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 yana ɗalibi a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, kyauta ce, kuma idan an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba. A rubuta y = ax² + bx + c, a ja darajar harafin a daga 2 zuwa −2, yaro na kallo giraf ya buɗe baki, ya miƙe, ya kife. Abin da zai ci allo uku da alli guda ya wuce cikin daƙiƙa 10. A ƙa'idojin da'ira ma haka: a ja ɗigo a bakin da'ira duk inda aka so, kusurwar tsakiya na nan ninki biyu na ta baki, lambobin na canzawa a gaban ido.

Amma a yi lissafin gaskiya. Makarantu da yawa sun hana ɗalibai shiga da waya, kuma suna da hujjarsu. Inda akwai ɗakin kwamfuta, sai an yi dace da wuta ko man janareta, sai an yi dace ba a ba wani aji ba. Malam ɗaya da waya ɗaya a gaban yara 70 ba aikin hannu yake ba, nuni yake, kuma 'yan benci biyu na gaba kaɗai ke gani. Ko an sami komai, akwai matsalar da ta fi waɗannan: manhaja na yi wa yaro ainihin abin da jarrabawa za ta tambaye shi. Ita ke zaɓen sikeli, ita ke sa ɗigo, ita ke ja layi sumul. A ɗakin jarrabawa kuwa takardar giraf ce da fensir, da umarnin santimita 2 ga kaza a wannan layi. Tambayar zane da kamfas da rula ma haka, maki na kan alamun da kamfas ya bari, waɗanda ba a so a goge. Yatsan da ya saba da shafa gilashi bai koyi riƙe kamfas kada ya zame ba.

Kafin a kashe kuɗi a kan na'urar haska bango saboda ƙa'idojin da'ira, a gwada allon ƙusa. Kafinta ya yanko falanki, a zana da'ira, a kafa ƙusa 24 a bakinta da tazara ɗaya, wato digiri 15 tsakanin kowace biyu, da guda a tsakiya. Da robar ɗaure kuɗi ake ja layuka. Yaro ya cire roba daga wannan ƙusa ya maƙala a waccan, ya auna, ya ga kusurwar ba ta canza ba. Masanin koyar da lissafi Caleb Gattegno ne ya yaɗa irin wannan allo tun shekarun 1950. Bai kai manhaja santsi ba, amma guda 10 za su zagaya aji, kuma ba a cajinsu. Waya kuma ta koma inda ta fi amfani: malam ya ɗauki gajeren bidiyon fuskar wayarsa yana jan giraf, ya tura zauren WhatsApp na iyaye, yara su kalla a gida bayan sun zana nasu da hannu. Bayan, ba kafin ba.

Ƙididdiga da lissafin yiwuwa ba sa buƙatar dogon zaɓi, a aji ake yinsu. A tambayi kowa minti nawa yake ɗauka daga gida zuwa makaranta, a rubuta a allo, an sami lambobin da za a yi tebur da matsakaici da giraf da su har mako biyu. A guji auna nauyin jiki, yana jawo tsokana. Ɗan ludo kuma wasu iyaye na ganinsa kayan caca, ba sai an ja da su ba: marafan kwalba masu launi uku a cikin jakar da ba a ganin cikinta za su koyar da ɗauka a mayar da ɗauka ba mayarwa, waɗanda dama su ne tambayoyin ke zuwa a kansu.

To, wa zai ɗauki me? Malama mai aji 70 ko 80 a makarantar gwamnati, ba ta da kasafin ko kwabo, ta fara da kwali da gwangwani, ta sa aiki ɗaya duk mako biyu, ta ware fita fili sau ɗaya a zangon farko lokacin da aka zo tirigonometiri, lissafin kusurwa da gefunan alwatika. Malam mai yara 25 a makarantar kuɗi da ke da sola da kwamfutoci na iya ba GeoGebra darasi guda a kowane babi na giraf da da'ira, da sharaɗin kowa ya fara kawo zanensa na fensir. Wanda shugaban makaranta ya ba ɗan kuɗi ya ce a sayi kayan lissafi, ya fara da tef ɗin awo na magina guda biyu, almakasai, allunan ƙusa, kon da silinda na Panteka, da takardun giraf masu yawa. Abin da ya rage, idan ya rage, a yi maganar na'ura.

Aji huɗu da aji biyar su ne wurin duk wannan. 'Yan aji shida daga Janairu ba su da lokacin fita fili, WAEC na tafe a Mayu, NECO na biye. A wurinsu aikin hannu ya zama na minti 10 a farkon darasi: a naɗe kon, a ajiye shi a kan benci, a buɗe tambayar shekarun baya da ta zo a kansa, da Turancinta yadda za su same ta, a amsa ta mataki-mataki kon ɗin na gabansu. Ko a wane aji ne, a bar minti 10 na ƙarshe don wannan rubutun, ko da wani rukuni bai gama yankansa ba.